Motar Malte Ta Daina Kiɗa

Na karanta abin da kuka rubuto min, har da ke da kika ce girman kai ne zai sa in tsufa a ɗakin uwata. Na gode. Mama ma haka take cewa, ita kuma a gaban baƙi take faɗa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Tuva, shekarata ashirin da biyar. Na yi digirina a birnin Umeå, na dawo garinmu a yankin Värmland, inda daji ya fi mutane yawa, na kama aikin ba ɗalibai shawara a makarantar da ƙanena Malte yake. Akwai wani mutum, Pontus, mai garejin gyaran mota a hanyar tafki, da yake nemana tun narkewar ƙanƙara. Kowa a gidanmu yana sonsa. Ni ce dai ban ce eh ba, ban ce a'a ba, kuma yau za ku ji dalili.

Sai na fara da Malte, don shi ne maganar. Yana ɗan shekara tara Baba ya tafi aiki Norway, ya samu wata a can, ya manta hanyar gida. Mama tana aiki a gidan kula da tsofaffi, yau safe gobe dare. Ni na riƙe yaron nan. Ni nake dafa masa taliya, ni nake zama a taron iyaye tsakanin mata masu furfura, har na jinkirta karatuna saboda shi. Da na tafi jami'a daga baya, aka rufe ɗakin matasa na garin, wurin da yake wuni yana buga ƙwallon tebur. Sai ya fara da ɗauke lemon gwangwani a kanti, ya koma gudun makaranta, ya fasa gilashin rumfar jiran bas, ya cinna wa kwandon shara wuta a bayan makaranta. Mutanen gari suka ce tafiyata ce ta lalata shi. Ban karɓa ba, ba kuma zan karɓa ba. Yaro yana da uba a raye.

Bara ne Pontus ya ce wa Mama, "Ba ni shi." Malte ya fara da share gareji, ya koma riƙe sifana, ya fara tashi da wuri. Ranar da ya cika sha biyar Pontus ya miƙa masa makullin epa ɗin da suka haɗa tare.

Epa dai tsohuwar mota ce da aka mayar tarakta a takarda, don ɗan shekara sha biyar ya samu ya tuƙa. Doka ta ce kada ta wuce gudun kilomita talatin, a maƙala mata alama mai kusurwa uku a baya, a kuma toshe kujerar baya da katako. A jikin katakon nan yara suke dasa lasifika manya-manya. Babu epa a garinmu da ba a taɓa injinta don ta ƙara gudu ba, babu kuma wadda ba a jin kiɗanta tun kafin a gan ta. Ta Malte ma haka ta fara. In ya shawo kwanar layinmu, cokula suna rawa a cikin durowa.

Sai ƙarshen watan Agusta ta yi shiru. Ba kiɗa. Gudu talatin cif. Yaron da ya ƙona kwandon shara yana kunna sigina a mahaɗar da ko kare babu. Mama ta ce ɗanta ya shiryu. Ni kuwa na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ranar Lahadin nan Mama ta gayyaci Pontus cin abincin rana. Tun safe ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur ɗin da ba ya fitowa sai Kirsimeti, ta kunna kyandir a taga, ta gasa burodin kirfa har ƙamshin ya biyo ni sama. Ta leƙo ɗakina ta gan ni cikin baƙin wando da koriyar rigar ulun da Mormor, kakata, ta saƙa min.

"Haka za ki sauko?"

"Hoto za a ɗauka?"

"Tuva, rigar nan ta huje a gwiwar hannu."

"To gara ya gani tun yanzu, kada ya ce an ɓoye masa."

Pontus ya zo a kan lokaci. Ya cire takalminsa ya jera a bakin ƙofa. Rigarsa mai gida-gida ja da baƙi ta sha guga, farcensa an kankare baƙin mai sai ɗan abin da ya ƙi fita. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau, kuma in yana sauraron mutum sai ka ce babu kowa a duniya sai kai. A hannunsa akwai ƙatuwar leda, cinyar barewar da 'yan farautarsu suka harbo a satin.

Mormor ta leƙa ledar daga kujerarta. "A zamanina fure namiji yake kawowa. Yanzu cinya. Gara cinyar dai, fure ba ya shiga firiza."

"Ke ma akwai naki, Mormor," in ji shi. "Na yanka miki mai laushi."

"Ka ga wanda ya san ba ni da haƙora. Tuva, in ba kya so ni ina so."

Aka zauna, dankali da ƙwallon nama da jan jam na 'ya'yan daji. Mama ba ta bari an kai loma ta uku ba.

"Gidan nan naka na bakin tafki, ɗaki nawa ka ce?"

"Huɗu, Anneli," in ji Pontus, don da sunanta yake kiran Mama.

"Ɗaki huɗu, mutum ɗaya. Wata kuma tana nan a ɗakin da ta yi firamare."

"Ina jin daɗinsa," na ce. "Taswirar duniyata ma tana nan a bango."

Malte ya yi dariya ta hanci. Yana gefena, hular rigarsa a ka, wayarsa a kife kusa da faranti. "Malama ba ta zama da wanda bai yi digiri ba. Pontus, sai ka koma aji."

"Cire hular nan kana cin abinci," na ce.

"Nan ba ofishinki ba ne."

Ana zuba kofi wayar ta yi ƙugi a kan tebur. Ya ɗaga gefenta kaɗan, ya duba, ya miƙe. Burodin kirfarsa ko rabi bai ci ba, shi da yake cin huɗu a tsaye.

"Zan kai kaya."

"Yau Lahadi," na ce.

"Kayan Pontus ne."

Ni ina kallon Pontus a lokacin, shi ya sa na gani. Kofinsa ya tsaya tsakanin tebur da baki. Bai daɗe ba, amma ya tsaya. Sannan ya kurɓa ya ce, "Eh, ni na aike shi. Wani dattijo ne can hanyar Torsby yake jiran belin inji." Da yake faɗa ba ni yake kallo ba, Malte yake kallo.

Motar ta fita daga harabar gidan kamar mai tsoron tashin jariri.

A kicin Mama ta tare ni. Tana wanki ina gogewa, ta rage murya don kada a ji a falo.

"Mutumin nan daga bakin rami ya ɗauko min ɗa. Ke kuma kina zaune kina yi masa kallon ɓarawo."

"Ban ce komai ba."

"Fuskarki ta ce. In kika kore shi, kina ganin zai ci gaba da riƙe Malte?"

"Wato ni ce ladan aikinsa."

"Bakin nan naki ne ya sa har yau ba kowa."

Na ajiye farantin da yake hannuna. "Mama, me ya sa motar Malte ta daina kiɗa?"

Ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita tas. "Da tana yi kin ce ta hana ki karatu. Ta daina kin ce me ya sa. Ke me kike so?"

"Tambaya na yi."

"Kada ki kawo min aikin ofis cikin gidana, Tuva."

Na san abin da take nufi. Duk mai aiki da yara a ƙasar nan, in ya ga abin da ya tayar masa da hankali a kan yaro, dole ne ya sanar da ofishin walwala. Ba sai ya tabbatar ba, zargi ma ya isa. Mama kuwa in ta ji sunan ofishin nan, abin da take gani shi ne mota a ƙofar gida da mata biyu masu taushin murya sun zo ɗaukar ɗanta.

Da yamma saƙon Pontus ya shigo.

"Rigarki ta yi kyau, har da hujin."

Na rubuta, "Wane dattijo ne?"

Ɗigon rubutu ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa.

"Ba ki san shi ba. Ki biyo gareji gobe, akwai abin da zan nuna miki."

"Belin wane inji?"

Sai ya turo min jar zuciya. Ku gaya min, a ina aka taɓa amsa tambayar inji da zuciya?

Ranar Litinin na bar kekena a gida da gangan. Da aka tashi daga makaranta na je na tsaya jikin motar Malte, cikin doguwar rigar sanyina da jaka a kafaɗa, tsakanin sauran epa da kowacce take girgiza da nata kiɗan. Ya hango ni ya rage tafiya.

"Ka kai ni gida."

"Ina kekenki?"

"Taya ta sace."

"Ki hau bas."

"Ya wuce. Buɗe."

Abokansa suka fara ihu daga tagoginsu, wai Malama za ta shiga epa, a ɗauki hoto. Ya buɗe don dai su yi shiru.

Cikin motar tsaf, har ya yi yawa. Ba gwangwani, ba leda, sai ɗan itacen ƙamshi yana lilo a madubi. Muka hau babban titi. Kafin mu wuce coci motoci sun yi layi a bayanmu, har da babbar motar ɗaukar gungumen itace.

"Kunna mana kiɗa."

"Lasifikar ta mutu."

"Kana wuni a gareji, lasifikarka ta mutu tun Agusta?"

"Girma na yi. Ba shi kuke so ba?"

"To taka ta kaɗan, ka ga layin da muka tara."

"Doka ta ce talatin."

"Yau kai ne kake karanta min doka?"

Ya ɗan murmusa, har na ga yaron da nake yi wa wanka. Amma idonsa yana kan madubi fiye da kan hanya, kuma farcensa duk ya cinye su har nama.

A gaban gidan mai 'yan sanda sun tsaya. Sun tare wata shuɗiyar epa, kiɗanta bai ma gama mutuwa ba, ɗaya ya buɗe gaban motar yana duba inji, yaron yana tsaye hannu a aljihu. Da muka iso, ɗan sandan da yake bakin titi ya dubi motarmu, ya ga tana rarrafe ba hayaniya, ya ɗaga mana hannu mu wuce, har da gyaɗa kai irin na yabo. Malte ya ɗaga masa shi ma. Sai da muka sha kwana na ji ya saki numfashin da ya riƙe.

A nan na gane amfanin shirun. A garin da kowane yaro yake ihu, wanda ya yi shiru ba mai tare shi.

Na kwance bel ɗina, na juya na durƙusa a kan kujera.

"Me kike yi? Zauna."

Katakon an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, ga fuskokin lasifika biyu masu raga. Na kama ta kusa da ni na ja. Ba ta yi gardama ba, maganaɗisu ne kawai ya riƙe ta. A bayanta babu waya, babu lasifika, sai rami mai zagaye, gefensa sumul.

"Tuva, bari."

Na zura hannu. Leda na taɓo, na jawo. Katin ƙwayoyi ne, an ɗaure su dami-dami da roba. Taramol. Na san ta, don watan jiya irinta muka tarar a jakar wata yarinya 'yar aji takwas, bayan motar asibiti ta ɗauke ta daga banɗakin makaranta.

Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya tsaya. Motocin bayanmu suka yi ta wucewa, mai gungume har da hon.

"Mayar."

"Na wa ne?"

"Mayar, Tuva. Sun san adadin da suka ba ni."

"Su wa?"

"Ki tambayi saurayinki."

Na ɗago ledar a gabansa. "Shi ya ba ka?"

"Na ce ki tambaye shi."

"Kai nake tambaya, Malte. Ni na koya maka ɗaure takalmi, ka kalle ni."

Ya kalle ni, idonsa a bushe. "Ke kin tafi kin dawo da takarda. Mu muna nan. In kika kira mutanenki ɗauke ni za su yi, ke kuma a ce kin iya aiki." Ya fizge ledar, ya cusa a ramin, ya mayar da ragar ta manne. "Sauka. Ina da wurin zuwa."

Na sauka. Ya kunna sigina ya hau titi a hankali, ina tsaye ina kallon alamar bayansa har ta shige cikin itatuwa.

Daga nan zuwa garejin ba nisa. Na tarar da Pontus kwance a ƙarƙashin wata mota, rediyo yana yi. Ya ga takalmina ya turo kansa waje yana murmushi.

"Na ɗauka ba za ki zo ba."

"Lasifikar Malte," na ce.

Bai ce wace lasifika ba. Bai ce me ya same ta ba. Ya miƙe, ya je ya kashe rediyon, ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Zauna."

"Ina jinka a tsaye."

"A Agusta na gani. Wasu ne daga birni, ta waya suka same shi. Da farko saƙo ɗaya, kai wannan wurin wane. Daga nan shi ke nan, ba a fita daga hannunsu rana ɗaya. Na je na same su da kaina. Mun yi magana, zuwa faɗuwar ƙanƙarar farko za su sake shi."

"Kai kuma ka ce ya kashe kiɗa."

"Na ce kada a kama shi. Na mayar da injin kan talatin da hannuna."

"Ramin fa? Na taɓa gefensa. Malte ko burodi bai iya yankawa daidai ba."

Ya ninke tsumman gida biyu, ya sake ninkewa. "A ƙarƙashin kujera yake sakawa, Tuva. Ko makaho zai gani."

"Sai ka gyara masa maɓoya."

"Sai na sama masa lokaci." Ya jingina da teburin aiki. "Ina ɗan sha shida suka kai ni gidan gyaran hali. Da satar babur na shiga. Na fito na san sunan duk mai sayar da ƙwaya daga nan har Göteborg. Ke a littafi kika karanta wurin, ni kwana na yi a ciki."

"Ashe dama ka san su."

"Kada ki juya min magana."

"Ba juyawa na yi ba. Mutum ya tashi daga ƙauye ya je birni, masu ƙwaya su ba shi kujera su yi masa alkawari. A matsayin wa?"

Ya jefa tsumman kan tebur. Ku lura, ban ce ya yi ƙarya ba. Duk abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya. Mutumin da yake son yaro zai iya yin haka, mutumin da yake amfani da yaro ma haka zai yi, kuma bakinsu ɗaya in an tambaye su.

"Mama ta sani?"

"Ita ta roƙe ni kada in gaya miki."

Na tuna tukunyar jiya da ta yi ta dirza.

"Tambaya ɗaya, Pontus. Yaushe ka fara sona? Kafin ka ji aikin da na kama a makaranta, ko bayan ka ji?"

Fuskarsa ta canja. In wasa yake, to ya iya. "Wannan tambayar ban cancance ta ba."

Ya jawo durowar da yake ajiye sifana, ya fito da ɗan akwati shuɗi, ya buɗe ya ajiye a kan teburin, tsakanin noti da gwangwanin mai. Zobe ne siriri, ba ado, daidai irin wanda zan zaɓa da kaina. Wannan ma ya ba ni haushi.

"Ba haka na so in nuna miki ba. Ki ba ni zuwa ƙanƙarar farko. In muka zama ɗaya, maganar ta zama ta gida, mu gyara a gida."

Kun ce in riƙa faɗa muku gaskiya. Zuciyata ta motsa. Na gaji da zama mai hankalin gida tun ina sha tara, kuma ga mutum yana cewa sauke, ni zan ɗauka. Hannuna yana aljihu, na dunƙule shi don kada ya fita.

"Yarinyar da aka ɗauka daga banɗakin makaranta shekararta sha huɗu," na ce. "Ta gaba da ita, ƙanƙarar wa za ta jira?"

"Tuva."

"Ka rufe akwatinka, ƙura za ta shiga."

Ina fita na ji yana cewa zai je ya nemo Malte, in jira shi a gida, kada in yi komai sai ya zo.

Tafiyar ƙasa na yi, ganye yana ta zuba a hanya. Mama tana tsaye a ƙofar gida cikin shuɗin kayan aikinta, ko rigar sanyi ba ta ɗora ba, waya a hannu.

"Pontus ya kira ni."

"Na san zai kira."

Na wuce ta, na cire takalmi. Ta biyo ni ta rufe ƙofa.

"Ɗana ne."

"Ni ma na raine shi."

"Ɗauke shi za su yi."

"Wataƙila. Wataƙila kuma su zo su zauna da mu, su sa masa ido, su cire shi daga hannun mutanen nan ta hanyar da za ta riƙe. Na san aikin, Mama, ba kullum ake ɗauke yaro ba. Amma masu ƙwaya ba sa sakin yaro don ƙanƙara ta faɗi."

"Pontus ya ce..."

"Pontus ne ya yanka ramin."

Ta kawar da kai. Daga nan na gane wannan ma ta sani.

"In kika kira, ki tattara kayanki."

"Akwatina ban gama kwance shi ba tun da na dawo."

Na ciro wayata. Lambar tana ciki, sau nawa na kira ta a kan 'ya'yan wasu. Mama ta riƙe min hannun riga, daidai wurin gwiwa, muryarta ta sauka har ban gane ta ba.

"To kada ki faɗi sunanki. An yarda mutum ya kira bai faɗi suna ba. A ce maƙwabci ne. A ce wani ne ya gani a hanya. Kada Malte ya san ke ce, Tuva, ba zai yafe miki ba."

"Gara ya ƙi ni yana raye a inda zan iya ganinsa."

Na danna. Wata mata ta ɗauka, muryarta a kwance kamar mai karɓar odar fure. Na ce ina son sanar da damuwa a kan yaro ɗan shekara sha biyar. Na faɗi sunansa, na faɗi abin da na gani da inda na gan shi. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Kina so ki ba da sunanki?"

"Tuva Näslund."

"Sunanku ɗaya da yaron."

"Yayarsa ce ni. Kuma a makarantarsa nake aiki."

Mama ta sulale ta zauna a kan bencin takalma, ta rufe bakinta da hannu biyu.

"Na gode, Tuva," in ji matar. "Akwai wani babba da ya san da wannan abin, ko kike ganin yana da hannu a ciki?"

A lokacin na ji ƙarar tsakuwa a harabar gida. Ta gilashin ƙofa na ga farar motar Pontus ta tsaya. Ya fito, ya zagaya ya buɗe ɗayan ɓangaren, Malte ya sauko kansa a ƙasa. Suka nufo matakala tare, hannun Pontus yana kan ƙeyar yaron. Na ƙura wa hannun nan ido iya ƙarfina, na kasa gane ko rarrashi ne ko riƙo.

Mama ta ɗago tana girgiza min kai a hankali.

"Tuva, kina jina?" in ji matar.

Mariƙin ƙofa ya fara juyawa.

"Ina jinki," na ce. "Akwai. Su biyu ne."